Mararrabar Dogo A Garin Da Babu Jirgi

A wannan wata za mu ɗan ajiye maganar tsadar kasuwa da takardun zama, mu ba ku labarin wata gardama da ta cinye mana daren Alhamis uku a jere, a zauren da muke taruwa a nan Sabha. Gardamar kuwa a kan wasu 'yan ƙarafuna ce da tsawonsu bai wuce kamu ɗaya da rabi ba.

Asalin abin shi ne, wata rana dattijonmu yana ba jikoki labarin tashar kaya ta Kano, inda mahaifinsa ya yi leburanci yana loda buhunan gyaɗa a tarago. Sai wata 'yar jikarsa ta katse shi da Larabci ta ce, "Kaka, mene ne tarago?" Kowa ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Yaranmu an haife su a nan, Hausa tana sulalewa daga bakinsu, jirgin ƙasa kuwa ba su taɓa ganinsa ba sai a waya. Ba laifinsu ba ne. 'Yan layukan da Italiyawa suka shimfiɗa a wajen Tarabulus da Bangazi ba su taɓa isowa Fezzan ba, na ƙarshensu ma an rufe shi a 1965. A 2008 an ba wani kamfanin Sin kwangilar layi mai tsawon kilomita kamar 800 daga gaɓar teku zuwa Sabha, musamman don kwasar tamar ƙarfe ta Wadi Shati, sai rikicin 2011 ya tsai da aikin.

Da yake gani ya kori ji, muka yi shawarar gina musu tashar Kano a kan tebur. Muka yi karo-karo, kafintanmu ya kawo falle ɗaya na katako mai tsawon santimita 244, wani ɗanmu da ke karatu a waje ya aiko da kan jirgi da taragai goma sha biyu na ma'aunin da ake kira HO. A wannan ma'auni an rage komai sau 87, tsakanin ƙarafunan layi kuwa milimita 16.5 ne. Mun san ba daidai yake da tsohon layin Nijeriya ba, wanda faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne. Da za a bi ƙa'ida, layi mai milimita 12 ya kamata mu nema, to amma samunsa da wuya, kuma da babu gara ba daɗi.

Miƙaƙƙen layi bai ba mu wahala ba. Inda gizo ke saƙar shi ne mararraba, wato wurin da layi ɗaya yake rabuwa biyu. Tashar kaya ba komai ba ce illa layuka jere da juna inda ake rarraba taragai: na Legas nan, na Nguru can, na Zariya da Ƙauran Namoda can. Mu layi biyar muke so, saboda haka muna bukatar mararraba huɗu a jere kamar matakalar tsani, da ɗaya a bakin shiga daga babban layi. Ɗan namu ya ce mu yanke shawara sau ɗaya, domin kuɗinmu na saye ɗaya ne, kuma mai kawo saƙon sai ya bi ta Tarabulus ya yi tafiyar fiye da kilomita 700 a mota kafin ya iso mu. In muka yi kuskure, sai baɗi.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Kowace mararraba tana da harsuna biyu masu motsi, su ne ke karkatar da ƙafar jirgi hagu ko dama. Can gaba kuma akwai inda ƙarfe yake giciye ƙarfe, wanda Turawa suke kira kwaɗo, mu kuwa muka sa masa suna zuciya. Da wannan zuciya ake ba mararraba lamba. Lamba 4 na nufin in ka yi gaba taku huɗu, layukan sun rabu da taku ɗaya. Lamba 6 kuwa sai ka yi taku shida. Ke nan lamba 4 gajera ce mai kaifin kwana, lamba 6 doguwa ce mai sauƙin kwana. A ainihin reluwe, lamba 8 zuwa sama aka fi sawa.

Telanmu, wanda rayuwarsa duk a kan tattalin yadi take, ya tsaya kai da fata a kan lamba 4. Ya ɗauko awonsa ya nuna mana: in tsakanin layi da layi santimita 5 ne, kowace lamba 4 za ta ci kamar santimita 20 na tsawon tebur, lamba 6 kuwa 30. A mararraba huɗu bambancin ya kai santimita 40, tarago guda kuma bai wuce 14 ko 15 ba. Ya ce, "Malamai, wurin tarago kusan uku za ku zubar a layin ƙarshe don kwalliya?"

Makanikinmu bai yarda ba. Ya ce a tashar kaya rabin aikin turi ne da baya, kuma ja ya fi turi sauƙi, kowa ya taɓa tura amalanke ya sani. In aka turo jerin taragai marasa nauyi ta kwana mai kaifi, ƙugiyoyin da ke haɗa su suna matsa su gefe, sai ƙafa ta hau kan ƙarfe, tarago ya kife. Ya ce, "Yaro ne zai riƙe linzamin nan, ba mu ba. In ya tura sau biyu jirgi ya faɗi sau biyu, ya koma kan wayarsa ke nan, mun yi asarar kuɗi da yaro."

Wannan magana ta sa jikinmu ya yi sanyi, domin ta tuna mana dalilin aikin. A dare na uku dattijonmu, wanda bai ce uffan ba tun farko, ya sa aka kawo takardar buhun siminti aka zana mararrabar iri biyu da girmansu, aka jera taragai a kai. Nan muka ga kowa da gaskiyarsa. Taragan da muke da su gajeru ne, lamba 4 ba za ta dame su ba in an tafi a hankali. Wurin haɗarin shi ne bakin shiga, inda jirgi duka yake bi, da mararraba ta farko a tsanin, inda kwana take bin kwana. Sai muka raba gardama: lamba 6 guda biyu a waɗannan wurare, lamba 4 guda uku a ciki. Muka kuma rubuta wa ɗanmu da manyan baƙaƙe cewa na tsanin duk na hannun dama ne, don akwai na hagu akwai na dama, kuma ba a juya su.

Saura magana biyu, ƙasar nan ce ta yanke mana su. Akwai zuciya ta roba, akwai ta ƙarfe. Ta roba ba ta son dogon haɗin waya, amma wuta ba ta bi ta cikinta, kuma duk wanda ya ga yadda iskar gibli take shigo da ƙura har cikin akwati ya san ƙaramin kan jirgi zai riƙa cijewa a kanta. Muka zaɓi ta ƙarfe, makanikinmu ya ɗauki nauyin haɗa wayoyin da raba su yadda wuta ba za ta yi karo ba. Injin juya harsuna kuwa muka ce a bar shi. Kuɗinsa ya fi ƙarfinmu, wutar gari ba ta da tabbas, jirgin ma da batirin mota mai bolt 12 muke tuƙa shi. Hannu ya isa, kuma mararraba biyar aikin yara biyar ke nan.

Ranar da aka gama, dattijonmu ya tara ƙananan buhuna da matanmu suka ɗinka, ya yi dala a gefen layi. Ya gaya wa yaran cewa dogo ya iso Kano a 1911, kuma kafin nan ayarin fatake ne suke ɗauko fata da gashin jimina da turkuɗi su bi ta Damagaram da Agadas da Gat, wasu ta Murzuk, har Tarabulus. Da jirgi ya zo, kaya suka juya kudu zuwa Legas, hanyar raƙuma ta mutu a hankali. Dalar gyaɗar ma farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 sun ci ƙarfinta. A 2021 kuma aka aza harsashin sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi.

Ba mu san nawa suka riƙe a ciki ba. Abin da muka gani shi ne 'yar jikar nan a tsaye a bakin shiga, yatsanta a kan harshen mararraba, tana ce wa ƙaninta da Hausa, "Tsaya tukuna, ban buɗe maka hanya ba. Turo tarago biyu kawai."

Duk mai son kawo 'ya'yansa, ƙofa a buɗe take kowace Alhamis bayan sallar isha'i. Sai dai a wanke hannu kafin a taɓa layi. Allah ya raya mana su, amin.