Taura Uku A Baki Ɗaya

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Amma a birnin Maraɗi akwai wata budurwa da shekarar 2024 ta sa wa taura uku a baki, ba ta kuwa da halin tofar da ko ɗaya. Da safe tana koyar da harshe. Da rana tana rubutu, duk wanda ya ba ta aiki ta yi masa. Da dare kuma sai lissafin biki, domin an sa ranar aurenta bayan kaka. A unguwarsu Malama ake ce mata.

Ta yi karatun harsuna a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ta komo gida da takardar shaida, amma aikin gwamnati bai samu ba. Mahaifinta ya rasu. Mahaifiyarta tana matsar man gyaɗa, tana sayar da ƙuli-ƙuli, ga ƙanne uku suna lakwal. Wanda yake cikin irin wannan gida ba ya zaman jiran albashi. Sai ta duba abin da ke hannunta, ta ga harsuna ne: Hausa, da Faransanci, da Turancin da ta koya. Ta mai da su jari.

Ɗalibanta iri biyu ne. Akwai baƙi daga ƙasashen waje, ma'aikatan jinya da na ƙungiyoyin agaji, masu son jin Hausa domin su yi magana da mutanen karkara ba tare da tafinta ba. Akwai kuma ƴan kasuwa daga Katsina da Jibiya, masu son Faransanci kaɗan domin takardun kwastan da na banki. Na farko tana koya musu yadda za su buɗe baki, na biyu kuwa yadda za su karanta abin da suke sa wa hannu.

Koya wa baƙo Hausa sai da haƙuri. Mako na farko duk a gaisuwa yake ƙarewa, gama Bature yakan so ya faɗi abin da ya kawo shi tun bai tambayi gajiya da iyali ba. Bayan gaisuwa sai karin sauti. Malama takan rubuta "gari" a allo, ta ce ɗalibi ya karanta. In ya ja wasalin farko, abin tuwo ya ambata. In ya gajarta shi, inda mutane ke zaune ne. Rubutu ɗaya, ma'ana biyu, kunne ne kaɗai alƙali. Haka "kuka": itace ne, kuma hawaye ne. Amma darasin da ya fi ba su wuya shi ne ƙirgan kuɗi. A Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In mai tumatir ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi. Jikka ɗaya sefa 1,000 ce, wato dala 200. Malama takan kai ɗalibi kasuwa, ta tsaya gefe, ta bar shi ya yi ciniki da kansa. Ranar da ya sayo albasa ba a yi masa dariya ba, ranar ta san ya fara jin Hausa.

Daɗin wannan aiki shi ne ana biya a hannu. Ana gama darasi, kuɗin cefane ya shigo. Wuyarsa ita ce ba ya da tabbas. Tsofaffin malaman harshe suna tuna shekarar 2011, lokacin da ƴan sa-kai na Amurka da ake kira Peace Corps suka bar ƙasar saboda matsalar tsaro, ɗalibai da yawa suka tafi rana ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 haka ta sake faruwa. Baƙi suka ragu. Aka rufe iyaka da Najeriya, ƴan kasuwa suka daina zuwa, ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024. Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar tun daga watan Agusta na 2023, aka yi watanni ana fama da duhu. Dole Malama ta koma koyarwa ta tarho. Ta WhatsApp ta sami ƴaƴan ƴan Nijar da ke zaune a Faransa da Amurka, waɗanda iyayensu ke tsoron kada su manta harshen kakanninsu. To, amma tsakanin Maraɗi da gabashin Amurka akwai ratar awa 5 ko 6. Lokacin da yaro ya komo daga makaranta can, nan dare ya yi. Sau da yawa tana darasi ƙarfe goma sha ɗaya na dare, da fitila ƴar hannu, ido ɗaya a kan littafi, ɗaya a kan batirin tarho.

Aiki na biyu rubutu ne. Tana rubuta gajerun wasannin kwaikwayo na rediyo a kan allurar rigakafi, da zazzaɓin cizon sauro, da shayar da jarirai nono. Tana kuma juya takardun faɗakarwa daga Faransanci zuwa Hausa. Mai kallo daga nesa zai ce wannan abu mai sauƙi ne, tun da harshen uwarta ne. Ba haka ba ne. Kowane layi sai ta tambayi kanta: wa zai ji wannan? In ta rubuta "lokotoro", mutumin Tasawa ya gane, na Kano ya tsaya tunani. In ta rubuta "likita", duka biyu sun gane. "Lakwal" da "kaye" da "mushe" daga Faransanci suka shigo, suna ƙetare iyaka sai su zama baƙi. Ko a baƙaƙen rubutu akwai bambanci: Nijar tana rubuta "ƴaƴa" da harafi mai lanƙwasa, Najeriya kuwa da ɗan waƙafi a gaban harafin. Shafi guda yakan cinye mata wuni, gama takan karanta wa mahaifiyarta da ƙarfi. In tsohuwa ta ce, "Me kike nufi nan, ɗiyata?" sai ta soke layin ta sake.

Rubutu ya fi koyarwa kuɗi, amma kuɗinsa kamar hadarin gabas ne, ana ganinsa, ba a san ranar da zai zubo ba. Wata ƙungiya ta riƙe mata ladan fassara wata uku. Yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce takarda tana Yamai. Tun daga nan ta kafa wa kanta ƙa'ida: kafin ta ɗauki alƙalami sai an rubuta yawan shafi, da kuɗi, da ranar biya, a kuma ba ta rabi. Waɗansu suka ji haushi suka tafi. Waɗanda suka tsaya su ne masu biya.

Aiki na uku ba ya kawo ko dala, ci kawai yake yi. Sadaki da lefe, wanda a Maraɗi ake ce wa baliz, nauyin ango ne. Amma kayan ɗaki na gidan amarya ne: gado da katifa, da kujeru, da labule, da tukwane, da kwanukan jere. Ga anko na ƙawaye, ga lalle, ga abincin baƙi, ga gara bayan an tare. Inda akwai uba, shi ke ɗaukar babban rabo. Inda babu, sai uwa da dangi da ita kanta amarya. Malama tana cikin adashi da mata tara, kowane mako tana zuba jikka biyar, an kuma yarda kwasarta ta faɗo wata guda kafin biki.

Nan ne rigima ta taso. Gwaggonta, yayar mahaifinta, ita ce uwar biki. Ta ce, "Ɗiyar ɗan'uwana ba za ta shiga ɗaki da kayan da za a yi mana dariya ba. Ranar jere duk unguwa za ta zo kallo." Ta kawo shawara a ɗauko kujeru masu tsada bashi, a biya a hankali. Malama ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, ki yi mini aikin gafara. Kuɗina ba na wata-wata ba ne. Wani watan ya cika hannu, wani watan babu. In na shiga gidan miji da bashi, mai bashi ne zai fara yi mini sallama da safe." Gwaggo ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwarta da sakin fuska ba. Ba mugunta ce ta sa ba. A ganinta, kayan ɗaki shaida ce cewa marainiya tana da dangi.

Sai ga wani mako da ayyukan nan uku suka haɗu a ƙofa ɗaya. Fassarar wani ɗan littafi a kan cutar tamowa ana jiranta ran Alhamis. Wata ma'aikaciyar jinya da take koya wa Hausa za ta tafi ƙauye ran Jumma'a, saura darasi uku a kan yadda za ta tambayi uwa ciwon ɗanta. Gwaggo kuma ta tsai da ran Laraba a tafi Kano, Kantin Kwari, a sayo atamfa da labule, domin darajar naira ta faɗi ƙwarai tun 2023, sefa tana sayen kaya da yawa can. Ta ce amarya dole ta je ta zaɓa da idonta. Tafiya da dawowa kwana uku ne.

Malama ta kwana ba ta runtsa ba. Da asuba mahaifiyarta ta same ta zaune da takardu. Ta ce mata, "Ɗiyata, ni da aka yi aurena ban san launin zanen da aka saya mini ba sai ranar da na ɗaura. Amarya ba ta yi wa kanta biki. Biki na dangi ne. Amma alkawarin da kika ɗauka da bakinki, ba wanda zai sauke miki shi." Ta ce, "To, Inna."

Wannan magana ita ta raba gardama. Malama ta ga cewa kayan nan uku ba nauyinsu ɗaya ba. Guda biyu sunanta ne a kansu: ba gwaggon da za ta iya fassara, ba ƙawar da za ta iya darasi. Na uku kuwa tun asali an yi shi ne domin hannu da yawa. Ta je gidan Gwaggo, ta damƙa mata kuɗin sayayya, ta ce, "Gwaggo, idonki ya fi nawa. Abin da kika zaɓa shi na zaɓa. Sai dai roƙona ɗaya, kada a wuce abin da ke cikin wannan ƙulli." Gwaggo ta ji an girmama ta, ta sauko daga maganar bashi. Babbar ƙawa ta ɗauki anko da lalle. Ƙanenta ya ɗauki rabon goro da katin gayya. Labulen da aka sayo ba launin da take so ba ne. Ta rataya shi, ta yi godiya. Fassara ta tafi ran Alhamis, ma'aikaciyar jinya kuma ta tafi ƙauye da Hausar da za ta yi aiki da ita.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi duka nauyi. Shin bayan aure za ta ci gaba da aiki? Angon malamin lakwal ne, ba ya da ja a kan rubutu. Amma mahaifiyarsa ba ta ji daɗin a ce surukarta tana zama da ƴan kasuwa maza ba, ko tana magana a tarho tsakar dare. Ƙawaye suka ce ta yi shiru, in ta shiga gida ta san dabarar da za ta yi. Ta ƙi. Ta ce abin da ba a faɗa ba kafin ɗaurin aure, shi ke zama faɗa bayansa. Ta roƙi kawunta, wanda shi ne waliyyinta, ya kai maganar gaban manya. Aka zauna, kowa ya rage. Za ta koyar da mata a gida. Darasin tarho zai ƙare ƙarfe tara, ɗaliban Amurka su koma Asabar da Lahadi. Ƴan kasuwa maza kuwa ta miƙa su ga wani abokin karatunta. Ta yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da take samu. Ta ji zafin wannan, ba ta ɓoye ba. Amma sauran da ya rage nata ne a sarari, da sanin kowa, ba na sata ba.

An ɗaura aure bayan kaka, ba bashi a kan kowa. A watan Maris na 2025 kuma sabuwar dokar tafiyar da ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, Faransanci da Turanci suka zama harsunan aiki. Masu sana'a irin ta Malama suna fatan wannan ya buɗe ƙofar fassara da rubutu.

Mai karatu, wataƙila kai ma kana ɗauke da kaya uku, ko fiye. Matasa da yawa a yau haka suke, domin sana'a ɗaya ba ta cika tukunya. Kada ka ce duka sai ka ɗauka da kanka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zauna ka rarraba su. Wanda sunanka ke kansa, riƙe shi da kyau, gama alkawari kaya ne. Wanda na jama'a ne, bar wa jama'a, ko da ba su yi shi yadda kake so ba. Wanda kuwa zai shafi zamanka da wani har tsawon rai, faɗe shi tun da wuri, a gaban manya, tun ana iya gyarawa.