Damina a Kan Dogon Yawunde Zuwa Ngawundare

Fatake da ɗaliban da ke nufar arewacin Kamaru daga Yawunde sun daɗe da sanin jirgin dare. Yakan tashi bayan almuru, ya kwana yana cin tafiyar da ta haura kilomita 600, gari ya waye masa a kan tudun Adamawa, inda dogo ya tuƙe a Ngawundare. Sashen farko na wannan hanya ya isa Belabo a 1969, aka kammala sauran a 1974. Tsakanin ƙarafunanta mita ɗaya ne, kuma layi ɗaya ne tal, jirage biyu ba sa giftawa sai a tasha. Wannan batu na ƙarshe shi ya kamata matafiyi ya riƙe, domin da zarar wani jirgin kaya ya maƙale a daji, duk na gabansa da na bayansa sun maƙale tare da shi.

Da rani, jinkiri yakan zo da sauƙi. Damina ce mai wuyar sha'ani, kuma a nan ba ta da fuska ɗaya: Yawunde na da damina biyu a shekara, Adamawa kuwa guda ce doguwa, daga wajen Afrilu har Oktoba. A watannin Satumba da Oktoba sukan haɗu, sai ya zamana jirgi ya baro ruwa ya tarar da ruwa.

Dogo ba ya tsayawa da ƙarfin ƙarfensa kaɗai. Yana kwance ne bisa tsakuwa, tsakuwa bisa tudun ƙasar da aka ɗaga. Idan kwalbati ta toshe, ruwa ya taru a gefe guda, sai ya riƙa sakaɗar ƙasar ta ƙarƙashi, ya bar ƙarfe a sama sumul kamar babu abin da ya faru. Direba ba zai gane ba sai ya hau. Inda aka fasa tudu aka ratsa kuwa, laka ce ke zaftarowa, ko wata tsohuwar bishiya ta faɗo ta gindaya. Ko da hanya lafiya lau take, jiƙaƙƙen ganye kan sa ƙafar jirgi santsi, birki ya ƙi kamawa da wuri, shi ya sa kan jirgi ke watsa yashi a gabansa. Bayan Belabo, inda hanya ke barin gaɓar kogin Sanaga ta kutsa ƙungurmin daji wajen Lom da Pangar, duk waɗannan suna iya haɗuwa a dare ɗaya.

A can ne muka taɓa tsayawa tun kafin asuba har hantsi ya dubi ludayi. Babu gari kusa, waya ba ta kamawa, sai ƙarar ruwa a kan rufin tarago. Na lura waɗanda suka fi ɗaga murya su ne irinmu 'yan boko, masu jadawali a aljihu. Wata dattijuwa 'yar Birketiri, unguwar Hausawan Yawunde, ba ta ce uffan ba. Ta kwance ƙunshinta, ta raba wa yaran da ke kusa rogo da kilishi, ta gyara kwanciya. Da hankali ya ɗan kwanta ne ta dubi wani saurayi mai ta sababi ta ce, “Ɗana, da ka isa kusa a makara, gara ka isa nesa da ƙafarka.” Can sai ga ma'aikatan dogo sun dawo, laka har gwiwa, jirgi ya motsa yana rarrafe.

Maganar tata tana da tushe a tarihin ƙasar. Ranar Juma'a 21 ga Oktoba 2016, ruwan sama ya karya hanyar mota tsakanin Yawunde da Duwala. Jama'a suka yi cincirindo a tashar jirgi, aka ƙara tarago takwas a kan tara da aka saba ja. Jirgin ya kauce daga dogo a Eseka, mutum 79 suka rasu bisa ƙidayar hukuma, ɗaruruwa suka jikkata. Binciken gwamnati ya ambaci gudun da ya wuce ƙa'ida, da lodi, da matsalar birki. Ruwa bai taɓa dogon ba ranar. Hanyar mota ya cinye, gaggawar mutane ta ƙarasa sauran. Tun daga nan ba na yi wa tsayuwar jirgi a damina kallon sakaci kai-tsaye, ko da yake ina ganin haƙƙin fasinja ne a faɗa masa dalilin tsayuwa da gaskiyar tsawonta, don rashin bayani ke haifar da jita-jita, ita kuma ta sa wasu su sauka cikin duhu neman hanyar da babu.

Mai niyyar wannan tafiya ya ware kwana guda na rara, musamman idan jarrabawa ko jirgin sama ke jiransa. Ya riƙe ruwan sha fiye da na dare ɗaya, da guzurin da ba ya lalacewa, da tocila, da rigar sanyi, don Ngawundare na bisa tudun da ya haura mita 1,000, asubarta tana cizo. Mai ciwon sukari ko hawan jini kada ya jefa maganinsa cikin kayan da aka ɗaure nesa da shi. Kuɗin hannu ma, ƙananan canji, sun fi amfani a ƙananan tashoshi, inda mata ke miƙo ayaba da zuma ta taga.

Isa Ngawundare ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Motocin Garwa da Marwa da Kusiri kan yi lodi ne da isowar jirgi. In ya iso da la'asar maimakon safiya, wanda ya matsa sai ya wuce zai sauka gangaren dutsen da ke arewa da garin cikin dare, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, tare da manyan motocin da ke ɗauke da kayan Chadi. Ni dai a irin wannan rana masauki nake nema a kusa da tasha, in kama motar farko bayan asuba.