Manhajar da ta cinye babi uku

Makon nan labarin kuskurenmu muka kawo muku.

Mu huɗu ne muke haɗuwa duk Asabar muna duba rubutun juna. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne haruffa masu ƙugiya: ƙ, ɗ, ɓ, da kuma ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu muke sa 'y. A waya da sauƙi, amma a kwamfuta sai ka ga mutum ya rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa". Ɗaya daga cikinmu ya iya haɗa shafin intanet, ya san HTML da CSS da JavaScript. Ya yi mana ɗan shafi, in ka buga k da ɗigon sama sai ta koma ƙ. Muka ji daɗi, sai dai ba kullum muke da data ba. Muka ce masa: "Malam, mayar mana da shi manhajar da za ta zauna cikin kwamfuta."

Da can wannan na nufin ya koma ya koyi wani yaren kwamfuta, ya rubuta ta Windows daban, ta Mac daban. Yanzu akwai hanyar yanke. Kamfanin GitHub ya ƙera wani tsari don manhajarsa ta Atom, a 2015 aka sa masa suna Electron. Aikinsa shi ne ya ɗauki shafin intanet ya naɗe shi da Chromium, wato injin da burauzar Chrome ke tafiya a kai, ya haɗa da Node.js don shafin ya iya taɓa fayilolin kwamfuta. Da shi Microsoft ta gina Visual Studio Code, haka ma manhajojin Slack da Discord na kwamfuta. Cikin kwana biyu abokinmu ya gama. Kod ɗin da ya rubuta tun farko, wato jerin umarnin da kwamfuta ke bi, kusan bai taɓa shi ba.

Kowa ya san kuɗin wannan sauƙi: duk manhajar Electron tana tafe da nata Chromium, don haka ko ƙaramar manhaja sai ta yi nauyi. Mun amince da hakan. Wanda ba mu hango ba shi ne ya ci mu.

A shafin intanet, rubutu yana ajiye kansa ne a wata ɓoyayyiyar ma'ajiya ta burauza. Da muka koma kwamfuta, haka muka bar shi. Wata 'yar uwarmu ta yi wata biyu tana rubuta littafinta na farko a ciki. Duk sakin layi sai ta danna Ctrl da S kamar yadda ta saba, tana zaton fayil na can cikin folda yana jiranta. Mu kuwa ba mu ɗaura wa maɓallan nan aikin komai ba. Kwamfutar ta samu matsala, ta kai wa mai gyara, ya kwafe mata foldar takardunta tsaf, sannan ya goge komai ya sa sabon Windows. Babi uku suka tafi. Mai gyara ya yi aikinsa daidai, Electron ma ya ba mu hanyar ajiye fayil, mu ne ba mu yi amfani da ita ba. Ranar da ta faɗa mana, ba wanda ya iya haɗa ido da ita.

Daga nan muka zauna muka raba aikin gida biyu. Akwai ciki: ƙa'idar juya haruffa, ƙidayar kalmomi, neman kalma a cikin rubutu. Wannan ba ruwansa da inda yake zaune, sau ɗaya aka rubuta shi, shafi da manhaja duk suna ci daga gare shi. In an gyara kuskure a wuri ɗaya, an gyara ko'ina. Akwai kuma ƙofa: yadda ake ajiyewa, yadda ake buɗe fayil, abin da zai faru in an rufe taga ba a adana ba, maɓallan da hannun mutum ya saba da su. Mai Windows Ctrl yake dannawa, mai Mac kuma Command. Wannan ɓangaren dole a rubuta wa kowane gida nasa.

Mun lura manyan ma sun san da haka. Lokacin da Facebook ya fito da React Native a 2015, bai yi alƙawarin rubutu ɗaya zai yi aiki ko'ina ba. Abin da ya tallata shi ne ka koya sau ɗaya, sannan ka rubuta wa kowane dandali nasa. Flutter na Google, wanda ya soma da waya kafin ya kai ga intanet da kwamfuta, ya fi kusantar kod ɗaya. Tauri kuma yana aron injin burauzar da ke cikin kwamfutar maimakon ya ɗauko nasa, shi ya sa manhajojinsa ba su da nauyi. Amma babu ɗayansu da zai yi maka tunanin abin da mai amfani ya saba.

Mu marubuta bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Wanda ya saba sakin labari shafi-shafi a WhatsApp, in ya zo buga littafi, taurarinsa da zubin labarinsa da iya hirarsa duk za su bi shi. Amma "mu haɗu a shafi na gaba" da gaishe-gaishen masoya ba za su shiga littafi ba, domin mai riƙe da littafi da wata al'adar ya zo.

Yanzu manhajarmu tana tambayar inda za ta ajiye fayil, kuma ba ta rufuwa sai ta yi gargaɗi. 'Yar uwarmu ta sake rubuta babi biyu daga abin da ta tuna, na ukun har yau tana fama. Kafin ku ba wata sabuwar manhaja amanar rubutunku, ku adana shafi ɗaya, ku rufe ta, ku je ku nemo fayil ɗin da idonku.

Allah ya ƙara basira. Sai mun ji naku a ƙasa.