Taken Naruto da Rubutun Bayan Mota

Muna yara, duk babbar motar da ta biyo hanyar Kano zuwa Jos tana ɗauke da maganar mai ita a goshi ko a baya. Wata "Mahaƙurci mawadaci", wata "Sannu ba ta hana zuwa". Mukan tsaya bakin titi a Tudun Wada muna haɗa baƙi da ƙyar, kafin mu kai ƙarshe ta bar mana hayaƙi ta nufi dajin Falgore. Wani rubutun sai motar ta dawo daga Saminaka muke ƙarasa karanta shi. Kowane direba da takensa, kuma da shi ake kiransa a tasha.

Ashe Japan ma sun san wannan. Jikana, wanda nake tsokana da angon tsohuwata, shi ya haɗa ni da wani yaro mai gashi tsaye a cikin wayar babansa, wai shi Naruto. Maraya ne, mutanen garinsu suna gudunsa saboda wani dila mai jela tara da aka kulle a cikinsa. Sau uku yana faɗuwa jarrabawar makarantar ninja, amma bai fasa shelar cewa shi zai zama Hokage, shugaban garin, ba. "Kaka, shi fa ba ya janye maganarsa, kuma ba ya ja da baya," in ji angon, yana buga ƙirji. Na ce to madalla, sai ka fara da alkawarin ba awaki ruwa da ka yi tun safe.

Mu ma mun ga ninja, amma namu ba ma gane maganarsa. Bayan fitowar American Ninja a 1985, gidajen kallo suka cika da warin fetur da ƙarar janareta, kaset yana sarƙewa ana ihu. Washegari ƙannenmu su naɗe fuska da ɗankwalin Inna, su yi ta dirowa daga kan rumbu. Mai ɗorin garinmu bai taɓa samun kasuwa irin ta wannan shekara ba. Tsalle kawai suka ɗauko, don ba wanda ya ji Turancin balle ya tsinci darasi.

Naci kuwa a gida muka gan shi. Daminar 1973 ruwa ya yi ta yaudara: a yi shuka, ta tsiro, rana ta ƙone ta. Har yanzu ina jin ƙamshin ƙasar nan in yayyafi ya taɓa ta, da ƙarar sungumin Baba tun assalatu, mu muna binsa da ƙoƙon iri muna rufewa da diddige. Idan aka ce masa ya haƙura, sai ya ce gona ba ta san bara ba. Da rani ya tafi leburanci Tiga, inda gwamnatin Audu Bako take gina madatsar da aka kammala a 1974. Ya dawo da tafin hannu duk kanta, ya auna wa maƙwabcinmu dawar da ya ranta, tiya bisa tiya. Babu takarda, babu shaida. Ya ce zai biya ne kawai.

Da dare kuma ga makarantar allo, hayaƙin kara yana sa mu hawaye, muna ta rera aya ɗaya. Malam ba ya cewa ka kasa, sai dai ya ce, "Sake." Idan bai sallame ka ba, ba ka wanke allo, ko da sa'anninka sun yi maka nisa. A lokacin muna ganin tsanani ne. Yau da wannan "sake" ɗin nake cin abinci.

Ban ga laifin yaran yanzu ba. Sun taso komai yana zuwa da danna yatsa, kuma motocin da ke tsayawa Kwanar Ɗangora yawancinsu lambar waya ce a bayansu. Abin da ke ba ni dariya shi ne yadda angon ke tsallake wuraren da Naruto yake shan wahalar atisaye, yana gaggawar zuwa faɗa. Alhali Masashi Kishimoto, mai zana labarin, ya fara shi a 1999 bai ajiye alƙalami ba sai 2014, kuma sai a babi na 700, na ƙarshe, aka ga yaron da rigar Hokage. Shekara 15 mai zane da abin zanensa suna naci.

Iyaye, idan ɗanku ya zo yana buga ƙirji da taken Naruto, kada ku ƙwace wayar. Ku tambaye shi wane alkawari ya ɗauka yau, ku tsaya a kansa har ya cika.