Daga Bakin Kanal Zuwa Bakin Teku

Mu 'yan Kadawa ba baƙin ruwa ba ne, sai dai ruwan da muka sani mai layi ne. Daga madatsar Tiga yake tasowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, ya biyo babbar kanal ba tare da inji ya tura shi ba, ya rarrabu zuwa gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam. Akwai ranar da ake buɗe wa kowane ɓangare, akwai mai riƙe da makullin ƙofa, akwai kuma wanda gonarsa ke can ƙarshen layi, wanda sau da yawa sai dai ya ga laima. Mu ukun da muka karanta kwamfuta, a kan wannan layin muka gina manhajarmu: saƙo ne take turawa ƙaramar wayar manomi, ta gaya masa ranar ruwansa, shi kuma ya amsa ko ya iso fangalinsa ko bai iso ba.

Ita ce ta kai mu Mombasa, ƙasar Kenya, taron kwana huɗu na masu manhajojin noma. Masu taron suka sauke mu a wani otal da ke gaɓar Bamburi, wanda kuɗin ɗakinsa na dare ɗaya ya fi abin da kwandunan tumatir da yawa ke kawowa a Kwanar Gafan idan kaya ya yi yawa. Da gangan muka daina wannan lissafin, don yana hana mutum barci a kan katifa mai laushi.

Tekun Indiya kam ya ba mu tsoro da farko. Ba girmansa ba, rashin mai tsaron ƙofarsa. Sau biyu a yini yakan ja baya har ka hango mutane suna tafiya inda ɗazu jirgin kamun kifi yake, sannan ya dawo ba wanda ya buɗe masa. Ga kuma raƙuma a kan rairayi, an yi musu ado ana ɗaukar masu yawon buɗe ido da kuɗi. Muka tsaya muna dariya, ɗayanmu ya ce ashe raƙumin ma ya samu aikin ofis.

Abin da ya fi tsaya mana shi ne hirar da muka yi da wani ma'aikacin ɗakin cin abinci. Harshensu na Swahili ya sha Larabci kamar namu, don haka muka riƙa tsintar kalmomi: Alhamisi, Ijumaa, dunia, sabuni. Da ya ji daga yankin noman rani muke, sai ya nuna shinkafar da ke gabanmu ya ce ta Mwea ce, babban filin ban ruwa na ƙasarsu. Sannan ya gaya mana cewa a unguwarsu jarka-jarka suke sayen ruwa daga masu kura. Garin da ke zaune a bakin teku, wani kaso na ruwan shansa daga maɓuɓɓugar Mzima yake zuwa, ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 200, kuma ba ya isa. A bayansa ga kwamin ninƙaya cike taf, ana ta ban ruwan ciyawar ado. Shi ma ashe ɗan ƙarshen layi ne.

A matsayinmu na masu aikin intanet, mun san ta wannan gaɓar manyan wayoyin ƙarƙashin teku irin su SEACOM suka shigo gabashin Afirka a 2009. Mun kuma tuna watan Maris na 2024, lokacin da irinsu suka lalace a gaɓar yammacin Afirka, aiki ya tsaya mana cak a Kano, mu da ba mu taɓa ganin teku ba. A otal ɗin kuwa intanet kamar iska. Ta cikinta Baba ya same mu daren kwana na biyu.

"Kun ci abinci dai?" ya fara tambaya.

"Mun ci, Baba. Ya ruwa?"

"Wayarku ta ce yau ne. Ni dai tun asuba ina bakin kanal. Kacala ta cinye hanya, na sama kuma sun sa inji."

Washegari muka hau dandamali muka nuna taswira mai launin kore da shuɗi, aka tafa mana. Ba ƙarya muka yi ba, amma taswira ba ta nuna dattijo tsugune da fartanya yana jiran abin da ba zai zo ba.

Da yamma wani mai zuba jari ya gayyace mu shan shayi a ƙarƙashin bishiyar kwakwa. Mutum ne mai fara'a, kuma bai yi kwana-kwana ba. Manhajar ba ta dame shi ba. Bayanan yake so. Wace gona ce ke samun ruwa a kan kari, wace ce ba ta samu, shekara nawa a jere. Da wannan, in ji shi, masu ba da bashin taki da iri za su san wanda ya cancanta. Kuɗin da ya ambata zai biya mu albashin shekara biyu, mu da muke aiki a shago ɗaya da janareta mai tari.

Mun fahimci lissafinsa sarai, don irinsa muke rubutawa kullum. Na farkon layi zai samu bashi, ya ƙara inji, ya ja ruwa da yawa. Na ƙarshen layi, wanda ya riƙa amsa mana "bai iso ba" saboda ya yarda ƙorafinsa zai kai inda za a gyara, amsar tasa ce za ta zama shaidar hana shi. Gonar Baba tana cikinsu. Duk da haka ba mu ce a'a ba. Ɗayanmu matarsa na da tsohon ciki, kuma a ganinsa in mun ƙi, wani zai tattara bayanan ya sayar ba tare da ya san sunan ko mutum ɗaya a Kadawa ba. Mun yi gardama a kan rairayi har ruwa ya dawo ya kore mu.

Abin da muka iya gaya wa mutumin da safe shi ne bayanan ba namu kaɗai ba ne, sai mun kai maganar gaban ƙungiyar masu amfani da ruwa. Ya ba mu wata ɗaya. Daga filin jirgi muka kira shugaban ƙungiyar.

"Alhaji, barka da war haka. Akwai maganar da muke so a tara mutane a kanta."

"To, 'yan samari, ku bari sai bayan Juma'a. Asabar ɗin nan gayyar yankan kacala muke da ita, ku zo da laujenku."