Hoton Yaya a Bikin Auta

Ku matso kusa, 'yan uwa, tunda yara sun yi barci. Akwai maganar da nake ta juyawa a raina tun bikin autarmu, amma don Allah ta tsaya a ɗakin nan, Yaya ba ta san zan faɗa muku ba.

Kun dai san Yaya. Shan inna ya kama ta tun tana 'yar shekara uku, a keke ta girma. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar nan, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan a gidajenmu, da su ake yanka anko, da su ake zaman lalle.

Ranar kamu mun jeru za a yi hoton dangi, sai mai hoton ya ce, "A ɗan matsar da keken nan gefe." Wallahi ko kallonta bai yi ba, yarinyar da ke tura ta ya yi wa magana. Yaya ta yi murmushi ta ce ba komai. Matar da ta kwashe kusan awa guda gaban madubi tana ɗaura gwaggwaro! Da hotuna suka fito, sau ɗaya ta bayyana, an ɗauko ta daga sama, ƙeyar ɗankwali da tayar keke kawai ake gani. Wata kuma ta ɗora a WhatsApp ta rubuta "Allah sarki" a ƙasa. Wannan ya fi yi mini ciwo. Biki ta zo, ba a kawo ta don a tausaya mata ba.

Ranar dina wani mai hoton ne daban, yaro matashi. Ya zo ya durƙusa a gabanta ya gaishe ta, ya ce, "Hajiya, yaya kike so a ɗauke ki? Da keken, ko a kawo miki kujera?" Ta ce, "Da shi, ɗana. Ai shi ne ƙafata." Da ya ga dandamalin amarya matakala ne, bai ce a cicciɓe ta a bainar jama'a ba. Ya roƙi ango da amarya suka sauko, aka jawo kujeru biyu suka sa ta a tsakiya, kafaɗa da kafaɗa. Sannan ya sauke kyamararsa daidai idonta. Ashe sirrin ke nan: in ka ɗauki na zaune kana tsaye, sai ya ƙanƙance, fuskarsa ta ɓace. Ko da zai gyara zaman keken don haske, sai da ya nemi izininta kafin ya taɓa.

Kada ku ce kowa haka yake so. Kawunmu da ya rasa hannu a haɗarin mota ya fi son a ɗauke shi ta ɓangaren dama, babbar riga ta rufe ɗayan. Shi ma yana da gaskiya, jikinsa ne. Tambayar ce dai ba a yi.

Matakalar nan kuwa tana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su yi hanyar keke. Wa'adin ya wuce, ɗakunan biki da yawa suna nan yadda suke.

Ke Maman 'yan biyu, bikin 'yarki ya kusa, kuma na san surukarki da sanda take tafiya. Kafin ki ba mai hoto kafin alƙalami, ki zaunar da shi ki faɗa masa. In kina so, gobe mu biya ta wurin Yaya ki ga hoton. Ta sa an wanke shi babba, yana rataye a falonta.