Karen Da Ba Ya Farauta, Ba Ya Gadi

Mu dai a ƙasar Hausa kare iri biyu muka sani, na farauta da na gadi. Amma akwai wani ɗan ƙarami da Turawa ke kira pug, wanda ba shi da aikin yi sai ɗebe wa ubangidansa kewa. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, fatake suka kai shi Holan a ƙarni na 16, har daga baya ya zama ɗan lele a fadar Sarauniya Biktoriya ta Ingila. Shekara huɗu ke nan ina riƙon ɗaya a nan Ikko, wanda maƙwabcina ya bar mini amana da aka yi masa canjin wurin aiki. Abin da na lura kuwa shi ne, yawancin wahalar karen nan a hancinsa take.

Masu kiwo ne suka yi ta zaɓen masu gajeren hanci suna haɗa su, har fuskar ta koma kamar an danna ta da tafin hannu. Ga shi kuwa kare ba ya yin gumi irin namu, da haki yake fitar da zafin jikinsa. To, wanda hanyar numfashinsa ta ƙuntace, yaya zai yi da ranar Ikko? Don haka ba na fita da shi sai da sassafe ko bayan magariba, ruwa kuwa ba ya yankewa a kwanonsa. Igiya ma a ƙirji nake ɗaura masa, domin ta wuya shaƙe shi take yi. Minsharin nan da baƙi ke yi wa dariya, numfashi ne ke fita da ƙyar.

Sai kwaɗayi. Nauyinsa bai kamata ya wuce kilo 8 ba, alhali kuwa ko nawa aka zuba masa zai cinye, ƙiba kuma ƙara toshe masa numfashi take yi. Saboda haka da awo nake ba shi abinci, sau biyu a yini. Kullum nakan goge tsakanin tattarar fuskarsa da tsumma mai ɗan danshi, in tsane ta sarai, don kada ta yi gyambo. Idanunsa a waje suke, ko tsinke na iya yi musu lahani, in na ga yana runtse ɗaya sai wurin likitan dabbobi. Allurar rigakafin haukan kare kuwa ba na bari shekara ta zagayo ba a yi masa ba.

A 2019 hukumomin Holan suka fara tsananta hana haɗa karnukan da hancinsu ya cika gajarta, ni kuwa na ga gaskiyarsu. Jama'a, wanda duk ke sha'awar sayen irinsa don burga, ya fara auna ko zai iya ɗawainiyar nan kullum. Dabba ba ta da bakin kai ƙara, amma akwai ranar da za a tambayi mai ita. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.